Saƙon da Ban Kai Kebbe Ba

Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin wani labari a gidan nan, wai masu shirya fim sun taɓa zaɓar babanku, shi kuma ya ƙi bin su saboda ɗinki da iyali. Da sallar bara na ji Sa'adatu tana ba 'ya'yanta labarin, tana faɗi da alfahari, ina zaune a kan tabarma ban gyara mata ba. Ni na ƙirƙiro shi. Ba wanda ya zaɓe ni. Wanda aka zaɓa shi ne Baba Labbo na Kebbe, kuma ni aka ba saƙon in kai masa. Tun da mahaifiyarku Hajjo ta rasu gidan ya yi mini faɗi, daga sallar walaha zuwa azahar ba mai yi mini magana sai kaji, shi ya sa na sayi wannan littafin rubutu na ce bari in gyara abin da zai gyaru tun hannuna yana iya riƙe biro.

Labbo ɗan Goggo Yalwa ne, ƙanwar mahaifina. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Goggo ta dawo da shi gidanmu nan Tambuwal, muka tashi ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Da lokacin sa yara makaranta ya zo, mahaifina yana da 'yan shanu da ba su da mai kiwo, ya ce ɗayanmu kaɗai zai iya saki. Aka saki ni. Na yi firamare na tsaya nan, na koyi ɗinki, shi kuwa Labbo ya bi shanu har ya girma ya koma gonar ubansa a Kebbe. Karatun allo ya yi shi daidai gwargwado, amma rubutun boko bai san ko harafi ɗaya ba. Ba mu taɓa zama mun yi maganar wannan ba. Mu taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, abin da ke tsakaninmu wasa ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. In ya zo daga Kebbe ba ya sallama, tun daga zaure za a ji muryarsa.

"Ina bawan gidanga? Hajjo, mi kinka dafa mai? Kawo nan in fara, bawa ba shi ci gaban ubangida."

"Labbo, ka dai wanke hannu," in ji mahaifiyarku.

"Hannun mai gida na, albarka garai. Wanga telan ko da almakashi shika cin tuwo."

Da wannan wasa namu muka shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin nan. Mu bakwai ne. Muna yi ranar kasuwa, muna yi in ma'aikatan lafiya ko malaman gona suna son a ja hankalin mutane, mun je Jabo, mun je Fakku, mun je ƙauyukan da sai an ɗaga babur an tsallake rafi. Ba mu da takarda. Mukan zauna gindin dogon yaro mu shirya yadda labari zai fara da yadda zai ƙare, tsakiya kuwa kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Kullum ni ne ma'aikaci mai biro a aljihu, Labbo ne baƙauye. Ni ke jefa magana, shi ke cafewa, kuma shi ake yi wa dariya da tafi. In mun gama, mata kan aiko masa da fura, ni a ce mini sannu Malam Haliru. Na daɗe ina gaya wa kaina wannan bai dame ni ba.

A shekarar da faifan fim ya cika kasuwa, muka ji sanarwa a rediyo cewa wasu masu shirya fim daga Sakkwato za su zo Tambuwal ranar Asabar su gwada 'yan wasa. Za a ba da takardar wasan kwana uku kafin ranar, mutum biyu-biyu za su shiga, kuma sai wanda ya iya karanta Hausa. Labbo yana shagona lokacin, yana zaune kan buhun ƙyallaye.

"To, ni an fid da ni ke nan," ya ce, yana dariya.

"Wa za ya sani? Ni nika karanta maka, kai ka haddace. Ranan ka riƙe takarda kamar kowa."

"In anka gane fa? Ni ban son a yi man dariyar da ba ni nan nema ba."

"Ina tsaye kusa gare ka. Wa za ya gane?"

Ku lura da wannan. Ba shi ya roƙe ni ba, ni na matsa masa. Na matsa masa ne domin na san ba ni da wani abokin shiga da zai sa wasana ya yi kyau kamarsa.

Na karɓo takardar. Ba wasan ban dariya ba ne. Wani manomi ne ruwa ya cinye masa gona shekara biyu a jere, ya zo wurin yayansa ya gaya masa zai bar gari. Ni ne yayan, Labbo manomin. Kwana uku ya yi a gidan nan. Ina taka keken ɗinki ina karantawa, yana maimaitawa. Yadda yake haddarsa daban ne. Bai san layi na ɗaya ko na biyu ba, abin da ya riƙe shi ne ƙarshen maganata. In na ƙare da kalmar rumbu, ya san tasa ta gaba. In na ƙare da sunan mahaifiyar manomin, ya san ta bayanta. Maganganunsa duka a rataye suke a jikin nawa, kamar yadda ake rataya riguna a ƙusa. Mahaifiyarku tana jin mu daga madafi, har ita ma ta haddace, in Labbo ya yi tuntuɓe sai ta jefo masa daga can.

"Ka gani? Ko matar bawa ta fi bawa kai," in ji shi.

Ranar Asabar da hantsi muka je. A wani ɗakin taro na makaranta aka yi, an jera benci, an kafa kyamara ɗaya a kan ƙafafunta uku. Mutane sun fi yadda na zata. Wani ya zo da takobin kakansa ya ce shi dai sarkin yaƙi zai fito ko ba a rubuta ba. Wani da aka ce ya fara, sai ya matsa gaban kyamara ya shiga gaida mutanen Jabo ɗaya bayan ɗaya. Shugabansu, wanda kowa ke kira Darakta, saurayi ne a kanmu, siriri, ba ya ɗaga murya. Kafin a fara ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce kada a kalli kyamara, kada na zaune su yi magana in wasu suna yi, kada a ƙara kome a kan takarda kuma kada a rage. Ya ce wanda kuka shiga tare ba takara kuke yi ba, in ya faɗi ku ɗaga shi, domin haka aikin yake in an je wurin ɗauka. Na ji wannan da kunnena, har na gyaɗa kai.

Aka kira mu wajen azahar. Labbo ya riƙe takardarsa da hannu biyu. Na yi maganata ta farko da murya sama, irin yadda muka saba a kasuwa. Shi kuwa da ya buɗe baki sai na ji wani mutum daban. Bai yi ko ɗaya daga cikin abubuwan da yake sa mutane dariya ba. Ya sassauta murya, ya kalli ƙasa, ya ce ya je gonar da safe ya tsaya a inda dawa take, ruwa ya kai masa gwiwa. A shago ya faɗi wannan magana ta fi sau ashirin, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ɗakin ya yi tsit. Mai kyamara ya juyar da ita wajensa a hankali. Darakta ya ajiye bironsa, ya turo ƙirji gaba, idonsa a kan Labbo, ko sau ɗaya bai waiwayo ni ba. Ni da na karanta, ni da na koyar, ina tsaye a gefe kamar turken ɗaure akuya.

Maganata ta gaba ya kamata ta ƙare da rumbu. Ina kallonta a takarda. Na tsallake ta, na tsallake ta bayanta, na faɗi ta uku. Na yi shekaru ina gaya wa kaina idona ne ya zame. Bai zame ba.

Labbo ya ɗago ya dube ni. Yana jiran kalmar da ba ta zo ba. Bakinsa ya motsa, ya fara wata magana, ya ji ba ita ba ce, ya tsaya. A kasuwa da ya ƙirƙiro wani abu nan take, amma an ce kada a ƙara kome, shi kuwa mutum ne mai bin abin da aka ce.

"Ba kome, Baba," in ji Darakta. "Duba takardarka, layi na biyar daga ƙasa."

Labbo ya sunkuya kan takardar. Na ga yatsansa yana bin ta, daga sama zuwa ƙasa, ya koma sama. Ko a lokacin da sauran dama. Da na ce kuskurena ne, na koma na faɗi maganar rumbu, da ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Abin da ya fito bakina shi ne wannan, kuma da muryar wasa na faɗe shi, ina kallon mutanen benci:

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da bawan nawa. Shanu yab bi, ba makaranta ba. Ni nika zuba mai kamar aku."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, kuma ita ce dariya mafi girma da na taɓa samu ni kaɗai. Wasan taubasai yana da iyaka, kowa a ƙasar nan ya san ta. Kana iya zagin hancinsa, da rowarsa, da gonarsa, abin da duk gari ya gani. Abin da ya ba ka ajiya ba a wasa da shi, balle gaban baƙi. Kuma shanun da na ambata, na mahaifina ne. Saboda ya bi su ne na zauna a aji.

Labbo ya ɗago kansa. Ya ninke takardar gida huɗu, ya ajiye a kan benci, ya ce wa Darakta a gafarce shi, ya fita. Na zaci zan same shi a shago. Da na leƙa ta taga sai na hango shi ya hau bayan babur ya nufi hanyar Kebbe, ko jakarsa da ke gidan nan bai tsaya ɗauka ba.

Da aka tashi, Darakta ya sa aka tsayar da ni. Ya bari sai da ɗakin ya rage mu biyu da mai naɗe waya.

"Malam, takardar tana hannuna ni ma. Na ga inda ka tsallake."

Na fara cewa idona ne. Ya ɗaga hannu.

"Kana da murya, ka iya karatu. Amma ba zan iya tsayar da kai da wani a gaban kyamara ba, zan riƙa jin tsoro. Ɗan'uwan nan naka kuwa ina son sa. Maganar karatu mun sa ta ne don sauƙi, muna da masu karanta wa mutum. Ka ce masa ya same mu Sakkwato ranar Alhamis ta sama. Kai ne ka san gidansa, ko?"

Na ce ni ne. Ya rubuta kwatance a 'yar takarda ya ba ni. A lokacin waya ba ta kai Kebbe ba, saƙo sai da ƙafa. Na dawo shago na zauna da takardar a hannu. In na kai saƙon, dole in faɗi cewa shi aka ɗauka ni aka ƙi, kuma dole a tambayi dalili. Na ce gobe. Gobe na ce sai na gama ɗinkin da ke gabana. Ranar Laraba na tura takardar cikin buhun ƙyallaye, Alhamis ta zo ta wuce ina taka keke. Da mahaifiyarku ta tambaye ni yadda aka ƙare, na ce sun so in bi su amma na duba ku ƙanana ne. Ta dube ni.

"Labbo fa? Shi da yab bar jakarshi?"

"Ya rikice. Kunya ta."

Ba ta ƙara tambaya ba, amma ban taɓa jin ta ba wani wannan labari da bakinta ba.

Bayan wata biyu Labbo ya zo duba Goggo Yalwa, wadda a lokacin tana nan gidan. Ina tsakar gida na ji sallama daga waje, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Mahaifiyarku ta leƙa ta dawo fuskarta a sauye.

"Labbo na. Shina tsaye ƙofar zaure, wai a yi mai iso."

Na fita ina shirya zolayar da zan tare shi da ita. Ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Malam Haliru, mun same ku lafiya? Ya iyali, ya aiki?"

Na ce wane irin Malam, yau bawa ya koyi ladabi? Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa surukai, ya ce Allah ya ƙara girma. Da aka kawo abinci ya ce a zuba masa nasa daban. Goggo tana kallonmu daga bakin ɗakinta.

"Ku biyun ga, mi yas same ku? Haliru, mi kay yi mai?"

"Ba kome, Inna," in ji Labbo. "Girma na ya zo."

Haka muka zauna shekara da shekaru. Bai taɓa yanke zumunci ba, kun shaida. Sunan kowannenku ya zo, aurenku ya zo, ranar da aka binne mahaifiyarku shi ya fara shiga kabari. Kowace kaka yakan aiko da dawa. Amma bai ƙara zagina ba ko sau ɗaya, kuma bai ƙara taka filin wasa ba. Ƙungiyarmu ta yi 'yan watanni ta watse, domin ba mai tsayawa rana don ya kalli ma'aikaci mai biro shi kaɗai. Kuna ganin kamar mutunta ni yake yi, har kukan ce Baba Labbo akwai ladabi. A duk garin nan mutum ɗaya ne yake da ikon ya shigo gidana ya ci mutuncina in ji daɗi, kuma ya daina. Sauran duk Malam suke ce mini.

Da damanar da ta wuce na ɗauki ɗan babur zuwa Kebbe. Hanyar ta lalace, sau biyu na sauka na taka. Na same shi da la'asar a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya, gemunsa ya yi fari fat. Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, shi ya zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa na ce na zo da saƙo ne, amma ya daɗe a hannuna. Na faɗa masa duka, tsallaken da na yi da gangan, da maganar Darakta, da Alhamis, da buhun ƙyallaye. Bai daina fiƙe ƙotar ba har na gama.

"Na sani," ya ce.

Na ce ya san me.

"Direbansu ya gan ni kasuwa, bai fi sati uku ba bayan nan. Yac ce Baba, mun yi ta jiranka, har an ɗaga aiki kwana biyu. Yac ce ko yanzu in na zo akwai wani. Nac ce mai, wa anka aiko? Yac ce ɗan'uwanka tela."

"To mi ya hana ka tafiya?"

Ya hura ƙurar itacen, ya duba bakin ƙotar.

"Kai anka aika. Nac ce mai saƙo bai iso ba tukuna, ƙila hanya ta. In na tafi da bakin direba, to na tabbatar kai ka riƙe shi. Ni ko ban so in tabbatar." Ya ajiye ƙotar a gefe. "Duk zuwan da nika yi Tambuwal, sai in ce yau za ya faɗi. In zauna in ci abinci in taso."

Na kasa ɗaga kai. Na ce ya yafe mini don Allah.

"Na yafe tun tuni, Malam. Ba ka da nauyina gobe kiyama. Saƙo kuma ya iso, na gode."

Na zauna ina jira. Na san abin da nake jira, ina jin shi ma ya sani. Kalma ɗaya ta ishe ni, ko ya ce tsohon bawa, ko ya ce dubi yadda ka tsufa kamar tsohuwar jaka. Ya sa aka kawo mini fura a kwanon baƙi mai murfi, ya tambayi lafiyar kowannenku da suna. Da rana ta yi sanyi na ce zan koma. Ya tashi ya ɗauki jakata, na ce ya bari, ya ƙi. Ya raka ni har bakin hanya inda 'yan babur ke tsayawa, ya zaɓi wanda ya fi natsuwa a cikinsu, ya riƙe mini hannu har na hau. Sannan ya dafa kafaɗar mai babur ɗin.

"Ka tafi da shi sannu, hanya ba ta da kyau. Baƙona na."